A Sa Sunan Iyatu a Kan Rana Tsaka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Salati da sallama ga Manzon tsira.

Ni Mahfuzu ɗan Wada mahauci, wanda Garwa ta fi sani da Mahfuzu Rediyo, ni na rubuta wannan da hannuna, a shagona, da hantsi, ba wanda ya tsaya a kaina yana gaya mini abin da zan sa. Ƙafa ta ƙi, likita kuma ya ce zuciya ta gaji, amma hankalina yana nan daram. Mai tantama ya kawo mini mataccen rediyo, zan faɗa masa ciwonsa tun kafin a buɗe bayansa.

Takardar taku ce, Ziyad da Nafisatu da auta Sadiƙa. Shaiduna biyu ne: ƙanena Hamadu, Baffanku, da Malam Zaharaddin limamin unguwarmu. A karanta ta kuna zaune a tabarma ɗaya, Dadarku Iyatu, uwar da ta haife ku, tana tsakiya. Ban yarda a karanta wa kowa ta waya ba.

Na ɗaya. Ranar da ta Allah ta kasance, kada a jira kowa. Ziyad, daga Duwala zuwa nan ba tafiyar wuni ba ce, kada ranka ya ɓaci in ka tarar an rufe ni. A kai ni kusa da mahaifina in akwai wuri. Kada a kunna kiɗana a zaman makoki, ko da baƙi sun roƙa. Wurin na addu'a ne.

Na biyu. Gida da shago da gonar Pitowa, a raba su yadda Allah ya raba. Malam ya san hukuncin, ba ni da ta cewa. Abin da nake so ku riƙe kawai shi ne ko bulo ɗaya ban gada ba. Aji uku na yi a kolej, Kakanku ya ce Faransancin ya isa haka, in zo in riƙe masa ƙafar bijimi a mahauta. Na riƙe wata shida, na gudu wajen wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Da ƙarfen narka dalma guda ɗaya na kafa kaina, kuma duk abin da kuka ci, kuka sa, kuka yi karatu da shi, daga bakin wannan ƙarfen ya fito. Ba alfahari nake yi ba. To, ko alfaharin ne, ku yi haƙuri, na kusa dainawa.

Na uku, kuma dominsa na zauna wannan rubutun: maganar kaset ɗin nan, Rana Tsaka. Kun san labarin yadda nake ba wa 'yan jarida. Yau ku ji shi yadda ya faru.

A shekarar 1986 wasu makaɗa daga kudu suka zo wasa a wani otal a nan garin. Fiyanonsu mai lantarki, irin wanda muke ce wa sinte, ya ƙone. Suka kawo mini gyara, suka tafi, har yau ban sake ganin ƙeyarsu ba. Ya kusa shekara a kan kanta kafin in buɗe shi. Abin da ya ƙone a ciki shi ne ɗan ƙarfen da ke riƙe wuta daidai, kada ta hau kada ta sauka. Na nema a Garwa babu, Marwa babu, na aika Yola babu. Sai na tsallake shi, na haɗa wayar da kayan wani tsohon rediyo. Sinte ya tashi. Amma daga ranar, in wutar gida ta yi rauni, muryarsa ma sai ta yi ƙasa.

Ba wanda ya koya mini kiɗa. Nakan danna maɓalli biyu ko uku, in tokare su da tsinken ashana don sautin ya yi ta tafiya, sannan in riƙa murɗa kunnuwan a hankali ina saurare. Ba ganga, ba waƙa, ba abin rawa. Ranar da Kakanku ya fara ji, ya tsaya a bakin ƙofa da wuƙaƙensa a hamata, ya ce, “Mahfuzu, mu mahauta kalangu muka sani. Wannan naka saniya ce ke kuka a ƙetaren Binuwai?” Amma tun daga ranar, kullum ya taso daga kasuwa sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin bangon shago, wai inuwar wurin ta fi. Ba inuwa a wurin. Barci yake yi har a kira azahar.

Watan Maris na 1987 na ɗauki aikin a bobin, wato babban zaren naɗar sauti. Kun san zafin Garwa a watan. Daga sha biyu ba mai fitowa, ko akuya ba ta motsi, sai in rufe shago in zauna da sinte. A lokacin waya ɗaya ce ke ba shago da cikin gida wuta, kuma bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin da Dadarku ta ajiye firigonta, wato firij, da 'yar taga a sama. Ƙanƙara da folere, wato zoɓo, take sayarwa, unguwa duka wajenta ake saye.

Duk lokacin da injin firigon ya tashi, sai ya ja wuta. Sautina ya sunkuya kamar mai ruku'u, sannan ya miƙe a hankali. Kwana uku ina naɗa ina gogewa. Na ɗaga murya ta taga na ce ta kashe mini wannan abin. Ta ce, “Malam, ni ma sana'a nake yi. In ƙanƙarata ta narke, kukan saniyarka za mu ci?”

Rana ta huɗu ina cikin naɗa, sai sautin ya sunkuya. Har na kai hannu zan tsayar, sai na ji ya faɗi daidai inda ya kamata, wurin da ni kaina ban san yana jiran wani abu ba. Na bar shi. Can ya sake, nan ma daidai. Ni mai gyara ne, na san firigo ba shi da kunne. Na taka kujera na leƙa ta taga. Dadarku na tsaye, kan wayar firigon a hannunta, idonta a rufe, ke Nafisatu kina riƙe da gefen zanenta, shekarunki huɗu. Takan zare wayar ta jira, tana saurare ta bango, in ta ji lokaci ya yi ta mayar. Na sauko a hankali na koma kujerata.

Kwana shida muka yi a haka, bango a tsakaninmu. Ni ban ce na gan ta ba, ita ba ta ce ta yi ba. In na fito cin abinci sai ta ce, “Yau saniyar ta yi kuka da kyau?” In ce, “Ba laifi.” Kullum ƙanƙararta sai ta koma ruwa. Matan unguwa suka koma saye a wani gida, tana ce musu firigon ne ba shi da lafiya. Matar mai gyara guda! Har a masallaci an yi mini tsiya a kan wannan.

Kun san ƙarshen gefe na biyu, inda sautin ya miƙe sambal na minti huɗu bai ƙara sunkuyawa ba. Wani Bature ya rubuta shafi biyu a kai, wai nan ne rai ya isa wurin hutawa, Ziyad ka fassara mini na yi ta gyaɗa kai. Injin firigon ne ya ƙone. Ba a yi shi don a riƙa zarewa ana mayarwa ba. Sati biyu na yi ina naɗa masa sabuwar waya.

Na buga kaset ɗari uku, ɗaya bayan ɗaya, a shagon nan. A bango na sa hotona da baƙin tabarau, da sunana da manyan baƙaƙe, ni kaɗai. Da farko ba mai saye. Mutum ya saurara ya ce yaushe za a fara kiɗan. Sai Madam Émilienne, mai karanta sanarwa a gidan rediyo, ta ɗauki ɗaya ta riƙa sa shi a ƙarƙashin gaishe-gaishen rana. Daga nan direbobin hanyar Ngaundare suka kama, wai yana hana su faɗa da fasinja. Wani mai rumfa a Ngong ya yi ta kwafa yana sayarwa ba sallama ba izini. Na je da niyyar rigima, na tarar ya fi ni iya sayar da shi, muka sha shayi na dawo. Wata ungozoma daga Poli ta aiko a gaya mini tana kunna wa masu naƙuda. Bayan haka zamanin kaset ya wuce, aka manta da ni, na ci gaba da gyaran talabijin.

Sai 2014, ga wani Bature, Igor, a ƙofar shago, jajawur, gumi har takalmi, riƙe da wani kaset da ya sha hannu, ya ce wata uku yana nemana. Shi ya buga shi a baƙin faifai a Turai. Sauran kun gani da idonku. Samari a Duwala da Kano da Dakar da Jamus suna yankar guntunsa suna gina nasu a kai. Wannan sunkuyawar suka sa wa suna numfashin Garwa, kowa yana ƙoƙarin kwaikwayo, ba wanda ya dace. Duk wanda ya zo, tambayarsa ɗaya: yaya na yi shi? Ni kuwa in gyara zama, in ɗaga yatsa, in ce sirri ne tsakanina da wannan yatsan. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Fulatanci, na faɗa da Faransanci a gaban kamara. Sau da yawa Dadarku tana wurin, ta kawo wa baƙi folere. Ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Sai dai duk ranar da na ɗaga yatsan nan, takan dubi baƙon ta ce, “A ƙara maka ƙanƙara?” Ni kaɗai na san da wa take.

Na huɗu. Sinte da bobin na asali ba sa cikin gado. Na ba Iyatu su kyauta ina raye, a gaban Baffanku da Malam, ta karɓa da hannunta, duk da ba ta san dalili ba a lokacin. Na yi haka don na san ba a yi wa magaji wasiyya. Nata ne, ita ke da bakin magana a kansu da duk abin da faifan zai kawo nan gaba.

Na biyar. Daga yau, duk inda za a sake buga Rana Tsaka, a faifai ne, a waya ne, a rubuta: Iyatu Yelwa da Mahfuzu Wada. Nata a gaba. Na kwana uku ina juya wannan, don ba zan ɓoye muku ba, da ciwo. Amma shekara talatin da takwas ina gaba ni kaɗai, ya isa. Ziyad, kai za ka rubuta wa Igor. Ka gaya masa duka, har firigon, har ƙonewar injin. Kada ka gyara mini labarin don in fito da kyau. In sun yi dariya su yi. In sun ce darajar abin ta ragu don mai sayar da ƙanƙara ce ta yi shi, to dama ba su taɓa jin sa ba.

Na shida. Ziyad da Nafisatu, shekara biyu ke nan ba ku gaisa. A sunan ɗiyar Sadiƙa abin ya fashe, ina zaune ina ji. Igor ya nemi a sabunta sautin don sabon bugu, kai Ziyad aikinka ne, shi kake yi a Duwala. Ka auna da na'urarka, ka ce wannan sunkuyawar ba fasaha ba ce, raunin wuta ne, kuma a wuni ɗaya za ka miƙar da ita. Ke Nafisatu kika ɗauke bobin kika tafi da shi Ngong kika kulle a akwatinki. Ya ce ke ban da allura me kika sani, ki tsaya a asibitinki. Kika ce shi kunnensa a jikin mita yake. Tun daga ranar, kai Ziyad in za ka zo gida kana wucewa ta ƙofar ƙanwarka a Ngong ba ka tsayawa.

Wannan rigimar ba taku ba ce, tawa ce.

Ziyad, gaskiya ka faɗa. Raunin wuta ne. A duk waɗanda suka saurari kaset ɗin nan a duniya, kai kaɗai ka gano, kuma ranar zuciyata ta cika da jin daɗi, na ce lallai ɗan nan nawa ne. Amma da baki sai na ce maka marar kunya a gaban surukai, don tsoro ya kama ni. Ka yafe mini. Abin da mitarka ba ta nuna maka ba shi ne hannun da ke riƙe da wayar. Da ka miƙar da sautin, da uwarka ka goge.

Nafisatu, ke kin sani tun kina ƙarama. Kina 'yar shekara goma sha biyar kika taɓa ce mini kina tuna Dada da wayar firigo, na ce mafarki kika yi, kada in ƙara ji. Kika yi shiru don ki rufa mini asiri, har kika rasa Yayanki a kan maganar da ba ki da ikon bayyanawa. Na sauke miki wannan kayan. Amma ke ma bakinki da kaifi, irin na gidan mahauta. Yayanki ne, ki ba shi girmansa.

Ga hukuncina, in Dadarku ta amince, tunda kayanta ne: bobin ya koma hannun Ziyad. Ya cire shuuu ɗin tsufa, ya cire ƙarar babur ɗin da ya wuce a gefe na farko in ya ga dama. Sunkuyawar kuwa, ko ta gashi ɗaya kada a taɓa. Ban yarda da kunnen kowa a wannan aikin ba sai naka. Nafisatu ta zauna kusa da kai har ka gama.

Na bakwai. Sadiƙa, auta, na gode da sabon firigon da kika saya wa Dadarki. Amma tsohon nan da kike ta cewa a ba masu gwangwan, yanzu kin san ko wane ne. Ya zauna inda yake, a waya ɗaya da sinte. Ke ce a gari, ke za ki kula. Samarin da ke zuwa neman koyo, in sun zo a buɗe musu shago da rana tsaka, a ba su folere, kada a karɓi ko dala. In sun tambayi sirrin, ki nuna musu ƙofar cikin gida su yi sallama. 'Yarki Habiba tana son taɓa maɓallan, na ga yadda take karkata kai in sauti ya fito. Kada a buge mata hannu.

Na takwas. Madam Émilienne ta tsufa, tana wajen 'yarta Raïssa a bayan asibiti. Duk Layya ina aika mata cinya, duk Kirsimeti ina zuwa gaishe ta. Kada wannan ya yanke da ni. Ita ta fara jin abin da mutanen gari ba su ji ba.

Nasihata gajeriya ce, don ni ba malami ba ne. Ku riƙe salla. Ku riƙe sana'a, ko ta ƙanƙara ce. Wanda ya taya ku aiki, ku faɗi sunansa tun yana iya ji.

A nan na so in sa hannu in rufe, in ba Malam ya ajiye sai bayan raina. Sai na duba layin da na rubuta na ƙarshe, kunya ta kama ni. Jiya bayan la'asar na ɗauki takardar na shiga cikin gida, na tarar da Dadarku tana tsince folere a faifai. Na zauna na karanta mata tun daga farko. Ba ta ɗago ba, hannunta bai tsaya ba. Da na kai wurin taga da kujera sai ta ce, “Ai na ga hularka.” Shekara talatin da takwas ta san na sani.

Da na gama, ta ajiye faifan a gefe. Can ta ce, “Malam, wato sai ka mutu za a faɗa, don kada ka ga idon yara?” Na ce haka ake wasiyya. Ta ce, “Ni ban narkar da ƙanƙarata don a yi mini godiya daga kabari ba. Kira su. Da bakinka.” Sannan ta ce in gyara wuri ɗaya: ba kwana shida ba ne, bakwai ne, ranar farko ban lura ba. Na bar shi yadda na rubuta don ku ga iyakar sanina.

Saboda haka abin da na faɗa a sama ya canja. Ba Malam zai karanta muku ba, ni zan karanta, ranar Juma'a ta sama in Allah ya kai mu, da rana tsaka, a shago. Ziyad, na sa Baffanka ya kira ka. In ka iso Ngong ka tsaya. Ka ɗauko ƙanwarka da akwatinta, ku shigo Garwa a mota ɗaya. Ba sai kun yi hira ba, ni da uwarku ma ba da magana muka yi namu ba.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Allah ya sa ku fi ni sana'a, ya sa kada ku kai ni taurin kai. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe junanku, kada Salla ta wuce ba ku haɗu a gidan nan ba, kada ɗayanku ya ji labarin ɗan'uwansa a bakin bare. Ku riƙe mini Iyatu. In na riga ta, duk ranar da ta ga dama a kunna mata sinte, a tokare maɓallan da ashana, a miƙa mata wayar. Wannan karon a ɗaki ɗaya, ba bango.

Mahaifinku,
Mahfuzu Wada
Garwa